Yatsa Biyu a Layi Ɗaya

Tun da kun ce sai na ba ku labari ɗaya kafin a buɗe lemun nan, to ku gyara zama. Na manta sunayen ogogi da yawa, na manta lambar fayil ɗina, amma Talatar da ta biyo bayan Ista ta 1978 tana nan daram a raina. Ranar ce mutanen da suka ƙi ɗaga mini diga har mako uku suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu don su taya ni kwashe kayan rijiyarsu in bar musu gari.

Lokacin ina sabon foman a sashen ruwan karkara a nan Jos. Ku yaran yanzu da kuka saba da motar burtsatse ba ku san wahalar da aka sha ba, don haka bari in yi muku bayani. A zamanin, hukuma ce ke ba da siminti, da foman, da magina rijiya biyu, da ƙarfen zubi, wato wani ƙaton ƙarfe mai ɓari biyu da ake haɗawa a zuba siminti a ciki ya fito zobe, a jera zobban a cikin rijiya don kada ta rufta. Mutanen gari kuma su ne da yashi, da tsakuwa, da ƙarfin haƙa. A ƙarshen rani ake aikin, lokacin da ruwa ya yi ƙasa, don in ka same shi a watan Maris to ka same shi har abada. Da zarar damina ta sauka kuwa, sai baɗi. Sannan akwai fom guda, wanda a ƙasansa aka bar layi ɗaya tak inda mai ƙasar zai dangwala yatsa cewa ya ba gari wurin. Ku riƙe zancen layin nan.

A makon farko na Maris ogana, wani injiniya Bayarabe mai suna Oga Lasisi, ya tura ni wani ƙauye kudu da Kuru. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsu suna nan da ransu. Ya ce mini ƙarfen zubi guda uku ne da mu, ƙauyuka kuwa suna layi, don haka in Talatar bayan Ista ta yi ba a fara haƙa ba, lori zai je ya kwaso komai a kai wa wasu. Na ce masa kada ya damu, ai ƙauyen Kirista ne, 'yan'uwana ne. Ni ɗan unguwar Kabong ne a nan Jos, a ƙungiyar mawaƙa na tashi, ina ganin da na isa za a shimfiɗa mini tabarma.

Tabarmar kam an shimfiɗa. Wani dattijon majami'a, Baba Chollom, shi ya karɓe mu ya ba mu ɗaki. Wata tsohuwa, Mama Kaneng, shugabar zumuntar mata, ita ta ɗauki cinmu, kullum ga gwaten acha da zafinsa. Sai na je na ga ruwan da suke sha. Wani tsohon ramin kuza ne da Turawa suka bari, tafiyar kusan mil biyu, ruwan kore shar, bakinsa ga santsi, zurfinsa kuwa Allah kaɗai ya sani. Rabin yaran garin suna fama da tsargiya. Na ce a raina, waɗannan ko da haƙora za su haƙa rijiyar nan.

Kwana biyu ina zagaya garin da sandar ƙarfe. Kun san ƙasarmu, ko'ina ka buga dutse ne ke amsa maka. Wuri ɗaya kaɗai na samu, wani ɗan kwari a gindin shingen ƙerana tsakanin gonaki biyu, ƙasar da laushi, ciyawar wurin ba ta gama bushewa ba. Na tambayi wani mutum da ke gyaran kunya a gefe ko wurin na wane ne. Ya ce nasa ne, sunansa Pam, kuma ya ba gari kyauta saboda Allah. Nan take na zaro fom da tawada, ya dangwala. Har ina yaba wa kaina, aikin da ke cin wasu mako guda na gama shi a tsaye.

Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga wani ya shigo masaukina yana huci. Kamarsu ɗaya da na farko, har wushiryar. Ya ce shi ne Dung, ƙanen Pam, wurin nasa ne, kuma shi ma ya ba gari kyauta saboda Allah, in kawo takarda ya dangwala. Na ce masa ai alhamdu lillahi, abu ya yi kyau, wa ya bayar, ƙane ya bayar, sai dai layin ɗaya ne kuma an riga an cike shi. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa, ya juya ya fita.

A bakin maginana na ji sauran. Ubansu ne ya shuka shingen, bayan rasuwarsa wani ɓangare ya mutu, aka sake shukawa, kowa ya ce ɗan'uwan ya matsar da shi. Abin da ake rigima a kai bai fi taku huɗu ba. Shekara biyu ke nan ba sa ga maciji, majami'a ta sa su a horo, in za a ci Jibin Ubangiji, wato gurasar tunawa da Almasihu, sai su fita su zauna a gindin mangwaro, wannan ya kalli gabas wannan ya kalli yamma. Duk wanda gari ya karɓi kyautar wurin daga hannunsa, to an shaida ƙasar tasa ce. Ni kuwa da tawadata na zo na yanke shari'ar da dattawa suka yi shekara biyu suna lallaɓawa.

Duk da haka ban ɗauki abin da zafi ba. Na je wurin Baba Chollom na ce masa ranar Litinin ina son maza ashirin, da yashi, da tsakuwa. Ya ce, "To, mun ji, Malam Bitrus."

Yara, in mutumin ƙauye ya ce muku "to, mun ji", yana nufin kunnensa ya ji, shi ke nan. Ba sa ce wa baƙo a'a, a wurinsu rashin kunya ne. Litinin ta zo, na tsaya a gindin ƙerana tun hantsi har rana ta take, ba wanda ya zo sai akuya. Da azahar ga Mama Kaneng da ƙwaryar gwate tana yi mini sannu da aiki. Wane aiki? Talata haka, Laraba haka. In na tare mutum a hanya sai ya tuɓe hula ya tambayi lafiyar mutanen Jos ɗaya bayan ɗaya, ya ce maganar tana wurin dattawa. In na je wurin dattawa su ce sai Lahadi bayan sujada. Wallahi da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Lahadi ta zo. Sujada awa uku, taro kuma ya ɗora daga nan. Al'adarsu ita ce ba a yanke magana sai kowa ya faɗi tasa, kuma kowa sai ya fara da godiya ga Allah, da gaida dattawa, da gaida baƙo, kafin ya shiga labarin yadda marigayi ya shuka shingen shekarar da aka yi fara. Wani tsoho ya yi rabin awa yana magana, a ƙarshe ya ce shi dai ba shi da abin cewa. Pam ya tashi ya ce shi ya bayar. Dung ya tashi ya ce shi ma ya bayar. Baba Chollom ya ce ikilisiya ba ta karɓar kyauta daga hannun da ya ƙi gaisawa da ɗan'uwansa, sai su biyun sun ci abinci a ƙwarya ɗaya a gaban jama'a, sannan a haƙa. Aka yi addu'a aka watse.

Lahadi ta biyu ce na kasa riƙe bakina. Na miƙe ba a ba ni dama ba, na ce musu wannan ba Kiristanci ba ne, taurin kai ne. Na ce yaranku suna fitsarin jini kuna nan kuna zancen ƙwarya. Na ce a Jos da an ba mu irin wannan da tuni mun sha ruwa mun yi wanka. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita a gaban mata ba. Baba Chollom ya bari sai da na zauna, sannan ya ce baƙonmu ya gaji, yana nesa da iyalinsa, a tashi a yi masa addu'a. Suka tashi kuwa. Mutum fiye da ɗari suna roƙa mini haƙuri da babbar murya, ni ina tsaye a tsakiya kamar ɓarawon da aka kama da kaza. Ban taɓa jin haushin addu'a ba sai ranar.

Washegari na ce wa maginana su ɗauko diga, mu uku ma mun isa. Fom yana hannuna, doka tana bayana. Muka haƙa har ƙugu. Ba wanda ya hana mu. Da safe muka tarar an rufe ramin da itace da zana don kada awaki su faɗa, an kuma ajiye mana tulun ruwa a inuwa. Ina cikin ramin Mama Kaneng ta zo da abinci, ta zauna a kan tulin ƙasa tana kallona. Na ce mata, Mama, ku mata ku ne ke shan wahalar nan, don me ba za ku yi magana ba?

Ta ce in haƙa in ina so, ba mai cike mini, amma ba macen da za ta zura guga a ciki. Na ce ashe kun fi son ruwan ramin kuza ke nan. Sai ta gyara zama a kan tulin ƙasar.

"Ɗana," in ji ta, "ramin nan ya ci mini 'ya. Budurwa ce, da tulu a kanta santsi ya ɗauke ta, sai kwana biyu aka same ta. Duk garin nan ba wanda ya kai ni son rijiyar nan. Amma Pam da Dung ni na haife su."

Na ajiye digar. Mako biyu ina cin gwatenta ina zagin 'ya'yanta a gabanta, ban sani ba, ba kuma wanda ya gaya mini.

Ta ci gaba a hankali. Ta ce in aka haƙa da yatsan Pam, matar Dung ba za ta taka wurin ba, haka 'ya'yanta, haka danginta, rabin gari ke nan. Kowace safiya a bakin rijiya za a sabunta faɗan, yara su tashi su gaje shi. Ta ce shinge ana iya tuge shi a sake shukawa, amma rijiya ba ta tashi daga inda aka sa ta. Ni zan koma Jos in sami ƙarin girma, su ne za su zauna da ita. A nan ne kuma na ji cewa tun da aka fara rigimar ta daina shan ruwan da surukanta suka ɗebo, don kada a ce ta zaɓi gida ɗaya. Da tsufanta ita ke zuwa ramin da ƙafarta, kowace safiya, a kan hanyar da 'yarta ta bi.

Na fito daga ramin. Ba don na yarda da su ba, a'a, har lokacin ina ganin wauta ce. Kunya ce kawai ta hana ni komawa ciki. Na je wurin Pam na roƙe shi, ya ce shi ne babba, ƙane ne ke zuwa wurin wa. Na je wurin Dung, ya ce wanda ya riga ya dangwala shi ya san yadda zai goge. Ranar Ista fasto ya zo a kan keke ya ba da Jibi, su biyun suka fita gindin mangwaronsu kamar kullum. Na ce shi ke nan, ta faru ta ƙare.

Talata da hantsi lori ya iso. Direban, Malam Sale, ɗan unguwar Ali Kazaure ne a Jos, abokin wasana, ya leƙa ramin ya tambaye ni ko rijiyar kaji aka aiko ni in haƙa. Ban kula shi ba. Ina tunanin yadda mu huɗu za mu loda buhunan siminti, sai na ga maza suna fitowa ta kowane lungu, Baba Chollom a gaba. Ya ce ba zai yiwu baƙo ya yi dako a garinsu suna kallo ba. Ku ji fa! Mutanen da na yi mako uku ina roƙo, ga su nan sun fi talatin, suna ɗaukar buhu suna waƙar yabo. Na koma gefe na zauna a kan dutse, don in na buɗe baki za a sake yi mini addu'a.

Baba Chollom ne ke cewa wane ɗauki wannan, wane kama wancan. Ko da gangan ya yi ko ba da gangan ba, har ya mutu bai gaya mini ba, amma da aka zo kan ɓarin ƙarshe na ƙarfen zubi, wanda mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa, ba wanda ya rage hannu sake sai Pam da Dung. Ya kira sunansu a gaban jama'a. Ba dama su ƙi. Wannan ya kama nan, wancan ya kama can, kowa ya kawar da kai, suka nufi lori.

Hanyar ramin kuza ta gaban wurin ta bi. Suna tsakiyar tafiya sai ga mata sun dawo daga ɗibar ruwa a jere, ba waƙa, ba hira. Can a bayansu da nisa ga Mama Kaneng, tulu a ka, sanda a hannu, zanenta ya jiƙe da laka har gwiwa, da alama santsi ya kayar da ita. Ba ta dubi lorin ba, ba ta dubi 'ya'yanta ba. Ta zo ta wuce su kamar taku biyar, tana numfashi da ƙyar.

Dung ne ya fara tsayawa. Da ya tsaya dole Pam ya tsaya, ƙarfe ɗaya suke riƙe da shi. Suka tsaya a rana da nauyin nan a hannu, jijiyoyin wuyansu sun fito, ba wanda ya saki, don in ɗaya ya saki ƙafar ɗayan ce za ta tafi. Waƙa ta mutu. Sai Dung ya yi wata 'yar magana da yarensu, Pam ya amsa da kalma ɗaya, suka sunkuya tare suka ajiye. Daga baya na tambayi abin da aka ce. Wai cewa ya yi, "Yaya, hannuna ya gaji." Pam ya ce, "Nawa ma."

Pam ya zo ya ce in kawo takardar. Ya kama babban yatsan ƙanensa da kansa, ya tsoma a tawada, ya danna shi a kan nasa, a layin nan guda. Abin da ya fito ba yatsan kowa ba ne, wani baƙin dabbare ne kawai.

Na yi tsalle na ce a sauke siminti, a kawo diga. Baba Chollom ya ɗaga hannu ya ce a'a, ba a ci abinci ba tukuna. Jama'a, sai da aka dama gwate. Sai da aka zauna su biyun suka ci a ƙwarya ɗaya, uwarsu na zaune a gefe tana kallo. Sai da tsohon nan mai rabin awa ya tashi ya sake yin rabin awa. Rana ta karkata ba a sari ƙasa ko sau ɗaya ba. Malam Sale ya yi sallar azahar a inuwar lorinsa, ya dawo ya ce shi ba zai tafi da kayan da aka yi sulhu a kansu ba, zai koma wayam, in oga ya tambaya ya ce ni na hana. Na gode masa ƙwarai da wannan taimako.

Kweri kuwa, wato takardar tuhuma, na sha shi. Oga Lasisi ya ɗaga fom ɗin sama yana juya shi, ya tambaye ni ko yatsan mutum ne wannan ko na gwaggon biri. Na yi masa bayani tun daga shinge har ƙwarya. Ya ce labarin ya yi daɗi, amma lori ya ƙona mai a banza kuma wani ƙauye ya rasa layinsa, don haka takarda sai ta shiga fayil. Ta shiga, ta kuma ja mini jinkirin ƙarin girma shekara guda cur. Har yau in na tuna sai na ji zafin abin.

Haƙar kuma ban taɓa ganin irinta ba. Gayya suka yi, ana fita ana shiga, mata na dakon yashi da kwanon sarki. Hadari yana haɗuwa a kanmu kowace yamma muna roƙon ya dakata. Muka sami ruwa a ƙafa talatin da 'yan kai, muka jera zobba, ruwan farko ya sauko muna shafe dakalin bakin rijiyar. Ranar da aka buɗe ba a yi wani biki ba. Mama Kaneng ta zo da tsohon tulunta, Pam ya ja guga ya cika, Dung ya ɗora mata a ka. Daga nan zuwa ƙofarta bai kai taku hamsin ba.

Na yi shekara talatin da biyar a aikin nan. Na haƙa rijiyoyi a kan lokaci, fom tsaf, oga ya yaba, na koma bayan shekara uku na tarar an cika su da duwatsu, ko mushen akuya na ciki, ko an kewaye da ƙaya an ce ta gidan wane ce. A takarda duk suna nan da rai. Waccan da ta ja mini kweri kuwa, bara na bi ta wurin, har yanzu ana sha, an ma yi mata murfi sabo.

Ni da na je ina taƙama da Kiristancin birni, na iya waƙa da murya huɗu, a wurin tsohuwar da ba ta san ko harafi ɗaya ba na ga abin da ake nufi da a fara shiryawa da ɗan'uwa kafin a kawo wa Allah baiko. Tun ina yaro nake jin wannan a majami'a, ban taɓa ganin wanda ya yarda ya sha ƙishi a kansa ba sai su. Har gobe ina cewa sun cika jan magana, kuma har gobe ba na son a yi mini addu'a ina cikin fushi. Amma daga ranar, duk garin da aka tura ni, sandar ƙarfe tana zama a mota tukuna. Sai na nemi tsohuwar da ke dafa wa baƙi abinci, na zauna na ci, na tambaye ta wa da wa ne ba sa gaisawa a garin nan. Ku ma ku riƙa tambaya kafin ku zaro tawada.